Kalmomin da Aka Tsare a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya. Ya ɗinki, ya ciwon gwiwar nan? Ya 'yata Malama Ƙarama, ya karatunta? Ni dai ina nan lafiya, sai godiya.

Wata huɗu ke nan ban rubuto miki ba, kuma ba takarda aka hana ni ba. Duk wata ana ba kowane fursuna falle biyu da ambulan. Nakan zauna in rubuta "Yaya", sai in tuna fuskarki ranar da alƙali ya ce shekara biyu, sai in ninke takardar in ba wani. Sau biyu kika zo ziyara na sa aka ce miki ba ni da lafiya. Lafiyata ƙalau. Kunyar haɗa ido da ke ce ta hana ni fitowa.

Yau ma don roƙo ne na iya ɗaukar biro. Akwai wata rumfa a tsakar gidan nan inda muke zama bayan aikin safe. Mutum kamar goma sha biyar suna taruwa ina koya musu Turanci. Ticha suke kirana. Wasu da gaske suke, wasu tsokana ce, don kowa ya san abin da ya kawo ni: shekara goma sha huɗu ina koyarwa da takardar shaidar jabu.

Da wasa nake koya musu. In riƙe wata kalma mai harafi biyar a raina, in zana akwati biyar a allo, in cike biyun farko, su kuma su nemo sauran. Sau shida aka yarda su gwada. Akwai wani tsohon makanike da ya shigo bai iya rubuta sunansa ba, jiya shi ya fara gano stone, ya tashi yana rawa da sanda.

Matsalar ita ce kalmomin sun ƙare mini. Na zauna in lissafo masu farawa da st, na kai goma sha biyu, kaina ya tsaya cik. Shigo da littafi sai an nemi izini, kuma izinin yana cin watanni, amma wasiƙa tana shiga. Ƙamus ɗina mai jan bango yana cikin kwalin da kika kwaso daga ɗakina. Don Allah ki sami wani ya kwafo mini duk kalma mai harafi biyar da ta fara da st.

Amma kada ki sa Malama Ƙarama. Ina fata har yanzu abin da ta sani shi ne na tafi kwas mai nisa.

Allah ya saka miki da alheri, ya bar zumunci.

Ƙanenki.

*

Ƙanena,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Gwiwa tana nan yadda ka san ta.

Wata huɗu shiru, ina kwana ina tashi da tunanin ko ka mutu ba a gaya mini ba, sai ga wasiƙa ana neman st. Na karanta na ajiye, na sake ɗauka na ajiye. Da kana kusa da ka sha tsintsiya, da gemunka da komai.

Ka ce in sami wani. Wa zan samu? Turancin da na iya bai wuce lambobin da ke jikin tef ɗin awo ba. Maƙwabtan da suke turo maka 'ya'yansu darasi da yamma, yanzu in sun hango ni sai su tsaya gyaran takalmi har in wuce. In je in ce musu ƙanena yana son st? 'Yarka na ba. Na ce mata babanta ne yake nema don ɗaliban kwas.

Ka ga murna. Ta baje a ƙasan shago cikin ƙyallaye, ta ɗora ƙamus a kan kujerar da masu kawo ɗinki suke zama, tana bin kalmomi da yatsa tana ƙirga haruffa a fili. Wata mai kawo ɗinki ta shigo ba ta sami wurin zama ba, a tsaye na auna ta. Talatin da ɗaya ta samo, ga su nan a bayan takarda. Da ta gama ta ce, "Gwaggo, wane irin kwas ne babu ƙamus ko ɗaya?" Sai na taka keken ɗinki da ƙarfi, na yi kamar ban ji ba.

Na canja mata makaranta zuwa ta bayan layinmu, inda ba a san ka ba. Shekararta goma sha uku, ba jaririya ba ce. Ban san har yaushe wannan maganar kwas za ta riƙe ba, kuma na gaji da ita. Ban saba yi wa yarinyar nan ƙarya ba tun rasuwar uwarta.

Hoton takardar shaidarka da na sa a firam na rataye a shago, na sauke shi. Fentin wurin ya fi sauran bango haske, duk wadda ta shigo nan idonta yake zuwa. Na rataya kalanda a kai.

Ban huce ba tukuna, amma ban daina yi maka addu'a ba. Ka riƙa cin abinci ko ba daɗi.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ɗawainiya, Allah ya ba ki lada.

Kafin in karanta naki na juya takardar na ga rubutunta. Har yanzu tana jan wutsiyar y ta yi tsawo, sau nawa na hana ta. Ya kamata in yi fushi tunda na ce kada a sa ta. Ban yi ba. Takardar tana aljihun gaban rigata, ninkin har ya fara yagewa.

Kalmomin sun kai mu mako uku. Sai dai wani abu ya faru ranar Laraba. Akwai wani direban babbar mota a cikinmu, mai kaifin kai da kaifin baki. Na ba su stoop, ya gwada sau shida bai samu ba. Da na cike akwatunan sai ya ce wannan ba Turanci ba ce, ni na ƙirƙira. Na ce tana cikin ƙamus. Ya ce, "Wane ƙamus? Wa zai tabbatar mana? Ticha jabu, kalma ma jabu." Rumfar ta ɗauki dariya. Ni ma na yi dariyar, amma allin da ke hannuna ya karye biyu.

Ba zan iya musu da shi ba, Yaya. Mutumin da ya yi abin da na yi ba shi da bakin cewa "ku yarda da ni".

Shi ya sa wannan karon nake roƙon a rubuta lambar shafi a gefen kowace kalma, yadda duk mai shakka zai iya dubawa ranar da ya fita. Masu farawa da br nake so. Ki ce mata ta ja layi a ƙarƙashin waɗanda take ganin za su fi ba mutane wuya, ina son in ga yadda take tunani.

Na san ni na ce kada a sa ta. Yanzu ni nake roƙon a sa ta. Ita ce kaɗai hanyar da nake ganin hannunta.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki.

*

Ƙanena,

Salamu alaikum. Ban da ƙarfin doguwar gaisuwa, ka yi haƙuri. Ka zauna kafin ka karanta.

Ta sani.

Mun aiko maka br ɗinka kamar yadda ka ce, da lambobi da layi. Bayan kwana goma sai ga mai kawo wasiƙu da wani ambulan mai hatimi. Ina tsakiyar kafa bakin wata doguwar riga, bakina cike da fil. Na ɗauka daga makarantarta ne. Ka san duk takardar Turanci ita take karanta mini. Ban duba ba, na miƙa mata na yi mata alama da kai.

Ta fara fassarawa: "Ana buƙatar wanda ya rubuta jerin kalmomin da aka aika wa fursuna mai lamba kaza ya bayyana a ofishin..." Sai ta tsaya. Na ga leɓenta yana motsi, tana karanta sunanka. Na tofar da fil ɗin a tafin hannuna. Ta ƙarasa karantawa har ƙarshe, ta gaya mini rana da lokaci, ta ajiye takardar a kan keke ta danne ta da almakashi. Ta fita tsakar gida ta kama wanke-wanke. Ba ta yi kuka ba. Kofi ɗaya ta riƙa cuɗawa har na je na karɓe shi.

Ranar da aka sa mana, na shirya in tafi ni kaɗai. Na same ta a bakin ƙofa da jan ƙamus a ƙirji. Na ce ta koma. Ta ce, "Gwaggo, ba ki iya ba." Muka tafi.

Na bar ta a benci a wajen ƙofar gidan yarin, na shiga ofis. Wani babban gandiroba mai tabarau ya tambaye ni wa ya rubuta. Na ce ni ce. Ya turo mini takardar ya ce to in karanta masa waɗanda na ja wa layi. Na ce "B". Na ce "R". Shi ke nan Turancina ya ƙare. Shekara hamsin da biyu, an kama ni da ƙarya a gaban mutum uku kamar yarinyar da ta sha madarar gida.

Sai ya yi mini bayani. Break, wai fasa. Brick, bulo. Bribe, cin hanci. Bring, kawo. Ga lambobi a gefe, ga layi a ƙasa. Sun ɗauka saƙon sirri ne, wai ana shirya yadda za a fasa bango, lambobin kuma rana ce da lokaci. Ya ce in ban kawo wanda ya rubuta ba, maganar za ta wuce ofishinsa, kuma za ta iya ƙara maka shekaru. Me zan yi? Na fita na kira ta.

Ta shigo ta gaishe su. Ta buɗe ƙamus a kan teburinsa, ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya tana nuna masa kowace kalma a shafinta. Ya ce to me ya sa ta ja wa waɗannan layi. Ta ce break da brake kunne ba ya bambanta su, sai ido. Bribe da bride harafi ɗaya ne tsakaninsu. Brick kuma mutane suna manta c. Ta ce bring ta ja mata layi ne don tana da sauƙi ƙwarai, kuma mai neman abu mai wuya ba ya tuna mai sauƙi.

Mutumin ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Wa ya koya miki wannan?" Ta ce, "Babana."

Ya ba mu haƙuri, ya ce aikinsu ne ya zo da haka. Sannan ya tambaye ta ko tana son ganinka tunda ta riga ta zo. Ta ce, "A'a, na gode."

A mota, da muka kusa sauka, ta juyo wurina. Ta ce, "Me ya yi?" Na ce shi zai gaya miki da kansa. Na ɗauke maka abubuwa da yawa tun kana goye a bayana, wannan kam ba zan ɗauka ba.

Kwana shida ke nan tana zuwa makaranta tana dawowa, tana ci kaɗan, tana ce mini Gwaggo ina kwana, Gwaggo sai da safe. Ni ma ba ta kallon idona. Tana da gaskiya, wata bakwai ina ba ta labarin kwas.

Ka rubuta mata.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta iso. Ki yafe mini tsayuwar da kika yi a ofishin nan. Ni na jawo miki ita, kuma ta hanyar da ba ki sani ba.

Ranar da aka tsare takardar, an raba ni da sauran aka sa ni ɗaki ni kaɗai kwana tara. An rufe ajin. An kira direba da tsohon makanike aka yi musu tambayoyi, har aka cire tsohon daga wurin gyaran injuna inda yake samun ɗan sararawa. Ni kuma da aka tambaye ni rubutun wa ne, na ce naki ne. Da na ce 'yata ce 'yar shekara goma sha uku, tana kwafowa daga ƙamus, mai yiwuwa da maganar ta mutu a nan. Amma ban so sunanta ya shiga fayil ɗin gidan nan ba, sai na sake yin abin da na saba. Suka ga wasiƙunki, suka ga hannun ba ɗaya ba ne, zarginsu ya ƙaru. Shi ya sa aka aiko takardar da ta faɗa hannunta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Ranar da kuka zo, ina nan. An zaunar da ni a wani ɗan ɗaki da ke manne da ofishin, ƙofar ba a rufe take sosai ba. Na ji kin ce B, kin ce R. Na ji takunta da ta shigo. Ta tsagar ƙofa na ga takalminta na makaranta da gefen teburin, ba na ganin fuskarta. Na ji duk bayanin da ta yi. Da ta ce "Babana", gandiroban da ke tsaron ni ya kalle ni, na sunkuyar da kai.

Da aka tambaye ta ko tana son ganina, Yaya, addu'a na yi a raina ta ce a'a. Ina sanye da rigar gidan nan mai lamba a ƙirji, kwana tara ban yi aski ba. Da ta ce a'a sai na ji sanyi a raina. Uba ne ya ji sanyi don 'yarsa ta ƙi ganinsa. Tun ranar wannan sanyin yake cina, ya fi hukuncin alƙali.

An buɗe ajin jiya. Ban so fita ba. Direban nan ne ya leƙo, ya ajiye guntun alli a bakin tabarmata ya ce mutane suna jira. Labarin yarinyar da ta koyar da shugaban ofis ya zagaye gidan, kowa yana ce mini barka. Ban san inda zan sa fuskata ba.

Ga wasiƙar da na rubuta mata a ciki. Ban rufe ba, ki karanta in kina so.

Ƙanenki mai neman afuwa.

*

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya.

Babu kwas. Ina gidan yari, an yanke mini shekara biyu, na yi wata bakwai. Ni na ce wa Gwaggonki ta ɓoye miki, kada ki riƙe ta da wannan.

Kin tambaya me na yi. Lokacin da nake kwalejin horar da malamai, na faɗi jarrabawar ƙarshe. Darasi biyu na faɗi. Ranar da sakamako ya fito na dawo gida na tarar Gwaggonki ta ɗinka mini sababbin kaya, ta goge ta rataye, ta riga ta gaya wa duk layin cewa ƙanenta ya zama malami. Ita ta riƙe ni tun ina ƙarami. Na buɗe baki in gaya mata, sai na ji na ce na ci. Bayan mako biyu wani mutum ya haɗa mini takardar shaida irin ta gaske. Na ce wa kaina zan fara aiki da ita, baɗi in koma in sake jarrabawar a ɓoye. Baɗin ce ta zama shekara goma sha huɗu. Da aka zo tantance malamai aka gano.

Ba wanda ya tilasta ni, kuma ba laifin kayan da aka ɗinka ba ne. Tsoro na ji, na zaɓi ƙarya, kullum kuma na sake zaɓenta.

Kin tuna ranar da kika kwafi aikin gida daga littafin ƙawarki, na sa ki tsaya a bango, na ce a gidana ba a cin abin da ba a yi wahalarsa ba? Ina faɗa ina jin muryata kamar ta wani. Ki yafe mini wannan tsayuwar.

Ina bayan ƙofa ranar da kika zo. Na ji komai. Duk abin da kika faɗa daidai ne.

Ba na ce ki zo ba, ba na ce ki amsa ba. Kina da damar yin fushi har tsawon da kike so.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Na ga wasiƙarka. Na karanta sau biyu.

An ba mu fom a makaranta, akwai wurin da aka ce a rubuta aikin mahaifi. Kwana huɗu yana cikin jakata. Gwaggo ta ce in sa nata aikin kawai. Ban sa ba. Malamarmu ta ce lallai ranar Litinin.

Gwaggo za ta zo ziyara ranar Asabar. Ban sani ba ko zan biyo ta. In ka ga na zo, kada ka yi kuka, kuma kada ka yi magana da yawa. Zan taho da fom ɗin. Ka shirya abin da za ka ce in rubuta a wurin, amma wanda yake gaskiya.

'Yarka.